Yadda Ettore Ya Yi Wa Furen Matarsa Huɗa

A garinmu Ingham, idan ka ji wani yana koya wa likita riƙon allura, ko yana gyara wa fada huɗubarsa a ƙofar coci, ba sai ka waiwaya ba, Ettore Pavan ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana noman rake a bakin kogin Herbert, kuma ya iya noman, wannan babu mai musu. Abin da ya lalata shi, tun da ciwon gwiwa ya sa ya miƙa wa ɗan ƙaninsa gonar ya dawo cikin gari, sai ya ɗauka duk abin da ke duniya rake ne ya sake kama.

Matarsa Lidia ta daɗe da daina jayayya da shi, don ta gano shiru ya fi saurin gajiyar da shi. A watan Afrilu yayarta Ines ta koma gidan kula da tsofaffi a Townsville, inda aka ba ta ɗakin da rana ba ta leƙa shi. Ta raba kayanta kaf, abin da ta fi so kuwa ta damƙa wa Lidia: furen okid ɗinta, irin da ake kira na Cooktown, wanda ta yi shekara ashirin da shida tana reno. Kara bakwai gare shi, da zangarniya biyu ɗauke da furannin da ba su buɗe ba. Abu ɗaya Ines ta roƙa. A kai shi gasar fure ta ƙarshen Yuni kamar yadda ta saba kai shi, a gaya mata furanni nawa ya buɗe.

Lidia ta ajiye shi a tagar kicin ta gabas, inda hasken safe ke shiga ta labule. Mako uku kacal ta yi da shi, 'yarsu ta haifi tagwaye a Brisbane tun lokaci bai yi ba. Dole ta tafi, kuma ba za ta dawo ba sai ranar gasar da hantsi.

Tana tsaye da jakarta a kicin ta ce, "Ruwa sau ɗaya a mako, da safe, ka bar shi ya tsane. Kada ka ɗaga shi daga tagar nan. Kada ka sa masa komai."

"Lidia, yau ni za ki koya wa shuka?"

"Ba shuka nake koya maka ba. Ƙyale abu nake koya maka."

"Hekta tamanin na riƙe da hannun nan."

"Na sani, ni nake wanke rigunan. In wani abu ya shige maka duhu ka tambayi Noelene."

Noelene Tibbs ita ce maƙwabciyarsu, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, kuma sakatariyar ƙungiyar masu renon okid ta garin. Ita da Ettore ba sa ga maciji tun rigimar da suka yi a kan ganyen mangwaronsa da ke zuba a gidanta. Ambatar sunanta kaɗai ya isa ya yanke hukuncin cewa ba zai tambayi kowa ba.

Ya dawo daga tashar jirgi ko hula bai cire ba, ya sa tabarau ya durƙusa gaban tukunyar. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. Babu ƙasa ko ƙwaya ɗaya, sai ɓawon itace da gawayi. Saiwoyin kuwa duk a waje suke, farare, suna reto a gefen tukunya kamar taliyar da ta zube. Ya girgiza kai. Shekara ashirin da shida ana horar da halittar Allah da yunwa, kuma a ce wai so ne. Sai ya shafa karan, ya ji gaɓa, ya ƙara shafawa, ya ji wata gaɓar, kowace da ɗan idonta a gefe, kamar na rake.

Ya ce, "Af. Ashe ɗan gida ne."

Washegari ya kai labarin majalisarsu. Tsofaffin manoma ne ke taruwa kowace safiya a teburin baya na shagon kofi, suna zagin farashin sukari da gwamnati. Babban abokin adawarsa a wurin Salvu Zammit ne, ɗan asalin Malta, wanda gonarsa ta yi iyaka da ta Ettore tsawon shekara talatin ba su taɓa yarda da juna a kan ranar shuka ba.

Ettore ya ce, "Matan nan sun mayar da abu ƙarami ilimi. Okid rake ne da aka hana abinci. Furanni goma sha huɗu Ines take samu tana rawa. Ni talatin zan kai musu."

Salvu ya ce, "Kai da ko tumatir ba ka taɓa dasawa ya yi ba?"

"Tumatir shukar malalata ce."

"To ita matarka me ta ce?"

"Ta ce in kula da shi."

"Haka ta faɗa, ko haka ka ji?"

Aka yi dariya. Ettore ya shanye kofinsa, ya ce duk wanda ke da ƙafa ya zo zauren gasa ranar Asabar ta ƙarshen Yuni, ya zo kuma da bakinsa.

Daga nan ya hau a-kori-kurarsa ya nufi tsohuwar gonarsa. An gama dashen sabon rake ke nan, kunyoyi sun miƙe har inda ido ya tsaya. Ya cika buhu uku da ƙasa daga bakin kunya, ya ƙara da bokiti biyu na baƙin taɓon da injin sukari ke fitarwa, wanda manoma ke zubawa a gona a matsayin taki. Ya dawo ya zazzage ɓawon itacen a kwandon shara, ya cusa furen a cikin tukunyar da ta ninka tasa girma sau uku, ya danna ƙasa da dunƙule. Sannan ya yi masa huɗa, ya tara ƙasa har ta rufe gaɓa biyu, yadda ake yi wa rake ɗan wata uku. Ya kwarara masa ruwa sai da faranti ya cika ya tumbatsa.

Noelene tana shanya ta hango shi yana wanke shebur.

"Mista Pavan, me ake ginawa a kicin?"

"Ana gyara kuskuren shekara ashirin da shida."

"Ba dai ƙasa ka sa masa ba?"

"A'a, a iska zan bar shi kamar jemage."

"A iska yake rayuwa. A daji jikin bishiya yake maƙalewa, saiwarsa numfashi take so. Fito da shi yanzu kafin ta ruɓe."

"Misis Tibbs, tan nawa kika taɓa girbewa?"

"Ban taɓa girbe tan ba. Ban kuma taɓa kashe furen matar wani ba."

"Ki ci gaba da lasar kan sarki, ki bar manoma da ƙasa."

Ta tsuke baki ta ci gaba da shanyarta. Sai dai ta matso da igiyar kusa da shinge.

Kwana shida ganyen ƙasa suka fara rawaya. Ettore bai firgita ba. Rake in ya yi rawaya yunwa ce, maganinta kuma takin yuriya. Ya barbaɗa masa tafi ɗaya, ya tuna shekarun da aka yi ana cutarsa, ya ƙara tafi na biyu. Kwana uku bayan haka ya fito da safe ya tarar da furannin da ba su buɗe ba sun zube a bakin taga, goma sha huɗu cif, kamar an jera su don ya ƙirga. Ya share su da gefen hannu ya watsa wa kaji.

A majalisa ya ce, "Ya zubar da na yunwa. Na ƙoshi suna tafe."

Salvu ya ce, "Ni ma gashin kaina na yunwa ne ya zube. Shekara ashirin ina jiran na ƙoshi."

Ettore ya lura kuma cewa tagar kicin ba ta da rana. Wane mahaukaci ne ke noman rake a bayan labule? Ya kinkimi tukunyar, gwiwa na ƙara, ya ɗora ta a kan bayan a-kori-kura a tsakar gida, ta wuni a kan ƙarfe. Da la'asar sauran ganyen sun yi fari-fari, gefensu ya ƙone kamar an goga musu dutsen guga. Ya mayar da shi ciki ya ba shi ruwa ya huce. Ruwan ya taso da warin taɓon inji, warin ya cika kicin ya zarce falo. Ƙananan ƙudaje suka zo, kiyashi ya biyo su. Wata mata daga coci ta kawo masa abinci saboda matarsa ba ta nan, ta tsaya a matakala ta tambaye shi ko ɓera ya mutu a rufi.

Lidia tana bugo waya kowace Lahadi bayan coci.

"Yaya furen?"

"Ba za ki gane shi ba."

"Me hakan ke nufi?"

"Ya canza sosai."

"Kunna hoton wayar in gani."

"Wayar nan tun da kika tafi ba ta nuna hoto. Yaya tagwaye? Wanne ya yi kama da ni?"

"Babu. Allah ya rufa musu asiri. Ettore, ka taɓa shi?"

"Ki kwantar da hankalinki, yana hannun masani."

Jariri ya tsala kuka, ta ajiye wayar.

A mako na uku babu ganye ko ɗaya. Kara bakwai ne tsaye a cikin taɓo, gindinsu ya yi laushi ya yi baƙi. Wani mutum da a nan zai haura shinge ya ce, "Noelene, na yi ɓarna, ki taimaka," kuma da wataƙila an ceci kara ɗaya ko biyu. Ettore ya zauna a kujera ya dube su, ya tambayi kansa abin da manomi yake yi da raken da ya tsufa ya daina ba da amfani. Amsar tana nan a fili. Ana sare shi, a yanka gunduwa-gunduwa, kowace da ido biyu, a kwantar a kunya a rufe. Kowane ido sabon tsiro ne. Lidia ta bar masa fure ɗaya, za ta dawo ta tarar da gona.

Ya ɗauko tsohuwar addarsa daga ƙarƙashin gida, ya wasa ta a kan matakala. Noelene ta ji ƙarar wasa wuƙa ta leƙo.

"Mista Pavan, don girman Allah."

"Dashe zan yi."

"Da adda?"

"Da cokali kike so in yi?"

"Zan buga wa Lidia."

"Buga mata. Ki ce ta bar jarirai biyu ta hau jirgi saboda kin ji ana wasa wuƙa."

Noelene ba ta buga ba. Ta ce daga baya ta auna ta ga abin da ya mutu ya riga ya mutu, gara a bar Lidia ta yi jegon 'yarta da kwanciyar hankali.

Gunduwa ashirin ya samu a kan katakon yankan albasa. Tukwane ba su isa ba, ya haɗa da robobin ayis kirim, da bokitin goge ɗaki, da kaskon gasa nama. Ya zazzage sauran buhunan ƙasa ya cika su, ya kwantar da gunduwa ɗaya a kowanne. Ya jera su a kan teburin cin abinci, da saman talabijin, da cikin bahon wanka, biyu kuma a kan keken ɗinkin Lidia saboda nan rana ta fi faɗawa. Ya ja labulen da ke kallon gidan Noelene. Shi kansa ya koma cin abinci a baranda, don ƙudajen sun fi shi yawa.

Gunduwa sha tara ba su motsa ba. Na ashirin, wanda ke cikin bokitin goge ɗaki, a rana ta goma sha ɗaya ya huda ƙasa da wani tsinin kore mai ƙarfi.

Ettore bai gama ɗaura takalmi ba ya isa shagon kofi.

"Ya fito. Yatsa guda a kwana biyu."

Salvu ya ce, "Okid? Matata tana da su, ganye ɗaya suke yi a wata shida."

"Na matarka a ɓawon itace suke."

"Yaya kamarsa?"

"Dogo, siriri, a miƙe kamar mashi. In ka gan shi sai ka rantse ɗan rake ne."

Salvu ya ajiye kofinsa a hankali. Ya dubi sauran tsofaffin, su ma suka dube shi.

Ya ce, "Lallai. To Allah ya raya."

"Ban gaya muku dangi ne ba? Da ya samu ƙasar kirki sai ya koma asalinsa."

Tsiron bai ba shi kunya ba. Ya sha ruwa, ya ci yuriya, ya nemi ƙari. Ranar gasar ya kai gwiwar mutum, da dogayen ganye biyar masu lanƙwasa. Fure dai babu, amma Ettore ya ce alƙalin da ya san aikinsa lafiyar shuka yake dubawa, fure ado ne. Ya sauya masa mazauni zuwa tukunyar tangaran ta Lidia, bai taɓa ƙasar gindin ba don kada ya girgiza saiwa. Ya lulluɓe shi da zanen gado ya ɗaure a kujerar gaba da bel.

Zauren taron gari ya cika. Tebura uku dogaye, an shimfiɗa baƙin yadi, furanni jere farare da shunayya da ruwan ɗorawa, kowanne da katinsa. Mata suna sayar da shayi da kek a gefe. Noelene na zaune a bakin ƙofa da littafin masu shiga gasa.

"Me ke cikin zanen?"

"Na Lidia. Ta yi rajista tun kafin ta tafi, duba littafinki."

"Buɗe in gani."

"Alƙali zai gani. Ke ki ba ni kati."

Sunan yana cikin littafi, ba ta da yadda za ta yi. Ta miƙa masa katin. Ya ajiye tukunyar a tsakiyar tebur, tsakanin furanni biyu da suka ci gasar bara, ya tsaya a gefe hannu a ƙugu. Majalisar shagon kofi kaf ta zo, har da waɗanda rabonsu da shiga zauren tun bikin aurensu. Suka jeru a jikin bango.

Alƙaliyar gasar, Misis Ah Kee, daga Townsville aka gayyato ta, 'yar ƙaramar dattijuwa mai magana a hankali. Ta bi tebur tana dubawa tana rubutu har ta iso kan zanen gado. Ettore ya yaye shi da kansa.

Ta daɗe tana kallo. Ta duba katin, ta sake duban shukar.

"Wane ne ya kawo wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ettore Pavan. Irin na Cooktown ne, amma an rene shi a sabuwar hanya. Ku masu okid kun yi shekaru kuna..."

"Ina karansa?"

"Yana ƙasa, na kwantar da shi. Abin da nake son ƙungiyarku ta fahimta..."

Salvu ya riga ya baro bango. Ya sunkuya ya ja babban yatsansa a gefen ganye, ya ɗago yatsan da ɗan jan layi.

"Ettore, okid yana yanka?"

"Mai lafiya yana yi."

Misis Ah Kee ta naɗe hannun rigarta. Ta tura yatsu cikin baƙar ƙasar, ta lalubo, ta ja. Abin ya fito gaba ɗaya, ƙasa na zuba a kan baƙin yadi. A gindin tsiron gunduwar rake ce mai kaurin wuyan hannu, yankan injin dashe a kowane gefe, wadda ta biyo buhu daga bakin kunya. Gefenta kuma wani ɗan baƙin abu ya faɗo, ya yi laushi kamar ayabar da ta kwana biyu a jaka. Ta ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wannan shi ne okid ɗin. Dā."

Salvu ya karɓi gunduwar ya juya ta, ya kankare ta da farce, ya sansana.

"Irin da ɗan ƙaninka ya dasa bana ne. Jama'a, ku zo ku ga mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya a gonar rake, rake ya tsiro masa a bokiti ya yi wata guda yana kallonsa bai gane shi ba."

Dariyar ta fara daga bango, ta bi tebura, ta isa wurin masu shayi. Wata mata ta zauna a ƙasa. Wani ya ce a kai shi injin sukari a auna, wani ya ce a ba shi lambar yabo ta rake mafi tsada a jihar, tunda shi kaɗai aka rena a falo. Noelene ba ta yi dariya ba, ta dai cire tabarau tana goge ido.

Ettore ya ɗaga murya. "Wannan ai maganata ya tabbatar. Ƙasa ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Raken ya yi. Ke nan laifin daga irin furen ne, dama can rarrauna ne."

Mutane sun riga sun daina kallonsa. Lidia ce tsaye a bakin ƙofa da jakarta, daga tasha ta wuto kai tsaye. Aka buɗe mata hanya. Ta zo ta tsaya gaban tebur, ta dubi raken, ta dubi tukunyar tangaran ɗinta, ta ɗauki katin ta karanta sunanta a jiki.

"Noelene, ara min biro."

Ta soke sunanta da layi ɗaya, ta rubuta nasa da manyan baƙaƙe, ta jingina katin a jikin tukunya.

"A bar shi a nan har a tashi gobe." Sannan ta juyo. "Ina furen Yaya Ines?"

"Yana gida. Wato, suna gida."

"Su wa?"

"Sha tara. Ba su fito ba tukuna, amma ƙasa ba a yi mata gaggawa, Lidia, in kika ba su mako biyu..."

Misis Ah Kee ta ajiye ɗan baƙin abin a kan yadi, a gaban Lidia.

Lidia ta kalle shi. Ta buɗe jakar hannunta ta ciro waya, ta danna lamba, ta ƙara murya yadda kowa zai ji, ta sa masa a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

"Tun safe Yaya Ines take zaune kusa da waya. Kai ne masani, yi mata bayani."

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya aka ɗauka. Muryar tsohuwa ta fito, siririya, tana rawa don ɗoki.

"Lidia? Kin isa? Ya buɗe? Furanni nawa?"

Ettore ya dubi ƙofa, Noelene tana tsaye a cikinta. Salvu ya jawo kujera ya zauna a gabansa, ya kai hannu kunne ya ƙara wa na'urar jinsa ƙarfi.